Kujera Ma Auna Ta Ake Yi

Watan da ya wuce wani ɗan yayata ya kira ni in zo in sa albarka a ɗakin da ya kama domin sana'arsa. Yaro ne mai himma, yana yi wa mutane zane da tsara takardu a kwamfuta, har daga wasu garuruwa ake turo masa aiki. Ina shiga, ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba, ya ce, "Kawu, dubi kujerar da na saya." Baƙa ce ta leda, hannuwanta sai ƙyalli, majinginarta ta ɗara kansa idan ya zauna, irin wadda ake kira kujerar oga. Na yi masa barka, na ce Allah ya sa a kashe lafiya, sannan na koma gefe ina kallonsa yana aiki. Minti goma bai cika ba ya zamo gaba, ya ɗosana a bakin kujerar, ya harɗe ƙafafunsa a kan ƙarafan tayoyi saboda ba sa isa ƙasa, ya miƙa wuya wajen kwamfutar kamar mai leƙen rijiya. Majinginar da ya zuba kuɗinsa dominta tana can baya, ko taɓa ta bai yi ba.

Abin ya sosa mini rai, domin kaina na tuna. Na yi shekaru ina gyaran rubutu a wani kamfanin ɗab'i, a kan kujerar katako da teburin da ya yi mini tsawo. Da fari tsami ne kawai nake ji a tsatso idan an tashi aiki, in shafa man zafi in kwanta. Wata asuba na sunkuya zan wanke ƙafa a alwala, bayana ya riƙe, na kasa miƙewa sai da na dafa bango. Mako uku a zaune nake salla, alhali shekaruna ba su kai arba'in ba. Da na je wurin mai gashin ƙashi a asibiti, kafin ya taɓa ni sai da ya tambaye ni a kan me nake zama, kuma awa nawa nake yi a rana. Ku ƙannena da 'ya'yana da kuka taso cikin zamanin da abincin da yawanku a zaune za ku neme shi, a banki ne, a shagon buga takardu ne, ko a ɗaki da intanet, wannan tambayar nake so ku yi wa kanku tun jikinku bai fara kuka ba.

Tambayar tsohuwa ce. A shekarar 1700 wani likita ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi kan cututtukan masu sana'a, ya ja hankalin likitoci su riƙa tambayar maras lafiya aikin da yake yi. Ya lura da yadda maɗinka da masu ɗinkin takalmi suke ranƙwafewa saboda yawan zama, daga baya ya ƙara babi kan magatakarda masu wuni suna rubutu. Shekaru fiye da 300 ke nan, kuma masu zaman sai ƙaruwa suka yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙugu da tsatso, kuma babu abin da ya kai shi nakasa mutane a duniya. Kujera ba ita kaɗai ke jawo shi ba, akwai ɗaukar kaya da ƙiba da shekaru da sauransu. Amma ita ce abin da kake manne da shi awa takwas a yini, kuma tana cikin 'yan abubuwan da gyaransu yake hannunka.

Sa hannu ka shafa bayanka daidai inda ɗamara take zama. Za ka ji wurin ya ɗan lotsa ciki. Ƙashin baya ba miƙaƙƙen sanda ba ne, ƙananan ƙasusuwa ne aka jera: 7 a wuya, 12 a gadon baya, 5 a tsatso, sai na ƙasa da suka haɗe. Tsakanin kowanne da ɗan'uwansa akwai guringuntsi mai taushi da ke shanye nauyi. Idan kana tsaye, biyar ɗin nan na tsatso suna lanƙwasa ciki, nauyi ya rarrabu daidai. Da zarar ka zauna ka saki jiki ba abin da ya tokare wurin, ƙugu yakan mirgina baya, lanƙwasar ta baje, guringuntsin ya matsu ta gaba. Wani likitan ƙashi ɗan Suwidin, Alf Nachemson, ya auna wannan matsi a jikin mutane a shekarun 1960, ya ga zaman da aka duƙa gaba ya fi tsayuwa ɗora wa tsatso nauyi. Shi kuma kan babban mutum ya kai kilo 5. In yana daidai bisa kafaɗu, wuya ba ya jin sa. In aka tura shi gaba, tsokokin ƙeya ne za su wuni suna riƙe da shi, shi ya sa wasu ke tashi daga aiki da ciwon kai da taurin wuya suna zaton rana ce ko hawan jini.

To aikin kujerar kirki ke nan: ta tokare wannan lotsawar, ta bar ƙafa ta taka ƙasa, ta bar kafaɗa ta sauka. Girma da ƙyalli ba sa cikin lissafi.

A kasuwa za ka ji masu shago suna cewa "wannan egonomik ce." Kalmar daga harshen Girka aka ƙera ta, daga kalmar aiki da ta ƙa'ida, kuma nufinta a daidaita kayan aiki da jikin mai aiki. Kowa yana iya buga ta a jikin kwali. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne ma'anar, kuma akwai labarin da ya fi fito mini da ita fili. A farkon shekarun 1950 rundunar sojan saman Amurka ta auna jikin matuƙan jiragenta fiye da 4,000. Wani matashin jami'i, Gilbert Daniels, ya ɗauki awo goma, irin su tsawo da faɗin ƙirji da tsawon hannu, ya nemi ya ga mutum nawa ne suka faɗa tsaka-tsaki a duka goman. Ko ɗaya bai samu ba. Mai dogon hannu sai a tarar da gajeruwar ƙafa, mai faɗin ƙirji sai a tarar da siririn ƙugu. Ashe mazaunin da aka ƙera don matsakaicin mutum bai dace da kowa ba, daga nan aka koma ga kujerun da matuƙi zai matsar daidai jikinsa. Ko kamfanin Herman Miller, da ya fito da shahararriyar kujerar raga mai suna Aeron a 1994, girma uku ya yi mata, ƙarama da matsakaiciya da babba. Mu da ba ma yarda tela ya yanka shadda sai ya sa mana tef, bai kamata mu sayi abin da za mu shekara biyar a kansa da ido kawai ba.

Saboda haka kafin ka fita, ari tef ɗin awo. Zauna a kan benci da takalmin da ka saba aiki da shi, tafin ƙafa a shimfiɗe, ka sa wani ya auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwarka. Wannan shi ne tsawon da mazaunin kujera zai yi daga ƙasa. Yawancin kujerun ofis suna hawa da sauka tsakanin inci 16 da 21, wato wajen santimita 40 zuwa 53, ka tabbata awonka ya faɗa ciki. Sai a auna daga bayan mazaunanka zuwa bayan gwiwa, a cire inci 2, wannan shi ne zurfin mazaunin da ya dace da kai. Na uku, auna teburinka. Rubuta lambobin a takarda, ka sa tef ɗin a aljihu.

Wannan awo na biyu shi mutane suka fi mantawa, kuma shi ya kayar da ɗan yayata. In mazauni ya yi maka zurfi, bakinsa zai riƙa danne bayan gwiwa inda jijiyoyi da hanyoyin jini suke, ƙafa ta sage, sai jiki da kansa ya zamo gaba don ya huta, ka rabu da majingina. Kujerun oga galibi don manyan mutane aka yi su. Ke 'yata, in tsawonki bai kai na maza ba, wannan ya fi shafarki, domin yawancin abin da ke shago zai yi miki zurfi. Nemi wadda mazauninta ke matsawa gaba da baya, in babu, zaɓi ƙarama.

In ka isa shago kada ka ji nauyin mai kaya. Zauna, ka kai bayanka har ƙarshe, ka yi minti goma ko sha biyar kana duba wayarka. Minti ɗaya na farko kowace kujera daɗi gare ta, musamman mai laushi. Laushin nan kuwa yaudara ne: soson da ka nutse a ciki yau, nan da wata shida katakon ƙasa za ka riƙa ji. Danna shi da dunƙulen hannu. In ka taɓo katako, ko ya daɗe bai taso ba, wuce. Soso mai ɗan tauri da ke dawowa nan take shi ne mai ƙarko. Duba bakin mazaunin ya sunkuya ƙasa kaɗan, kada ya zama mai kaifi. Sannan ka saurari tsatsonka: akwai tudun da ya cike lotsawar nan? Ana iya ɗaga shi ko a sauke? Kujerar da ba ta da wannan, ko nawa aka sa mata, ba ta yi abin da ka zo nema ba.

Daga nan tashi ka kifa ta, domin gaskiyar kujera a ƙarƙashinta take. Ƙafafu su zama biyar, mai huɗu tana saurin kifewa idan an kishingiɗa. Su zama na ƙarfe ko na roba mai kauri da ba ta lanƙwasa in ka taka. Sandar tsakiya da ke ɗaga kujera, wadda ta yi kama da shokazobar mota, silinda ce da aka matse iskar naitirojin a ciki, kuma masu kyau akan buga musu lambar aji a jiki. Aji na 4 ya fi na 3 kaurin ƙarfe, na 3 ya fi na 2. In ka ga an rubuta BIFMA, sunan ƙungiyar masu ƙera kayan ofis ce ta Amurka da ke fitar da ƙa'idojin gwajin ƙarfi, a Turai kuma EN 1335 suke bi. Alama ce mai kyau, sai dai takardar mannawa ba ta da wuyar bugawa, don haka ka haɗa da abin da hannunka ya ji. Ja kowace liba ka ga tana aiki, ka tambayi nauyin da kujerar take ɗauka. Kuma ina roƙonka, ran da silindar nan ta lalace, canza ta ake yi gaba ɗaya. Kada ka bari mai walda ya kai mata wuta ko a huda ta, tana iya fashewa.

Game da leda da raga, ni ra'ayina a fili yake. Abin da ake sayarwa da sunan leda a kujerun araha yadi ne aka shafa wa roba. Ba ya shan iska, a watan Afrilu da Mayu in aka ɗauke wuta rigarka za ta manne da baya, kuma zafi da gumi suna sa shi ya tsattsage ya riƙa ɓarewa. Majinginar raga ta fi dacewa da ƙasarmu, in dai ragar a ɗame take ba ta zama buhu in ka jingina. Matashin kai da ke sama, wanda yake ƙara kuɗi sosai, mai buga rubutu ba ya cika amfani da shi. Haka kujerun nan masu launi da aka yi su kamar na motar tsere: fukafukan gefensu don riƙe direba a kwana aka ƙirƙiro su, a gaban teburi takura kafaɗa da cinya kawai suke yi.

In kuɗinka bai kai sabuwa mai kyau ba, duba 'yar gwanjo. Kujerar da wani babban ofis ya yi amfani da ita ya sayar, in asalinta mai inganci ce, ta fi sabuwar araha nesa ba kusa ba. Ɗaga ta har ƙarshe ka zauna, ka ga ko tana sauka da kanta a hankali. Girgiza majinginar ka ji ko tana ƙara. Silinda da tayoyi ana samun na canji, amma farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin mazauni in ya tsage, bar ta.

To an sayo, an kawo gida. Na sha shiga ofisoshi in tarar da kujeru masu tsada da ba a taɓa motsa libarsu ba tun ran da aka ɗaure su, wasu ma ledar kanti tana jikinsu. Gyaran bai fi minti biyar ba, kuma daga ƙasa ake farawa. Tsaya a gaban kujerar, ka daidaita mazaunin ya zo ƙasa da ƙoƙon gwiwarka kaɗan. Zauna, tafin ƙafa duka a ƙasa, cinya a kwance, ƙugu daidai da gwiwa ko ya ɗara ta kaɗan. Kai bayanka ƙarshe, ka zura yatsu biyu ko uku tsakanin bakin kujera da bayan gwiwa, su shiga ba matsi. Matsar da tudun majingina har ya zauna daidai ɗamara. In ya hau sama zai tura ka gaba, in ya yi ƙasa ba ya tokare komai.

Akwai wani dunƙulallen abin murɗawa a ƙarƙashin mazauni ta gaba, wanda da yawa ba su san amfaninsa ba. Shi ke ƙara ko rage taurin kishingiɗa. Murɗa shi har ya zama in ka jingina kujerar tana bin ka a hankali, ba ta yar da kai baya, ba ta kuma turo ka gaba. Zaman ƙiƙam kamar soja a fareti ba shi ake nema ba, ba wanda zai iya jure shi awa guda. A ɗan jingina baya kaɗan, abin da masana ke ƙiyastawa digiri 100 zuwa 110, majingina ta karɓi wani kaso na nauyin. Hannuwan kujera kuma a sa su inda gwiwar hannu za ta sauka a kai kafaɗa tana sake. In sun ɗaga maka kafaɗa sun yi sama. In suna karo da teburi suna hana ka matsowa, sauke su, in ba sa sauka kwance su gaba ɗaya, rashinsu ya fi. Cire walat daga aljihun baya, yana karkata ƙugu. Mai babbar riga ko dogon hijabi ya tattare kafin ya gungura, taya tana cin gefen tufa.

Nan ne teburi yake shigo da tasa rigimar. Yawancin teburan ofis tsawonsu wajen inci 30 ne, kusan santimita 75, kuma wannan ya yi wa mutane da dama tsawo wajen buga rubutu. Abin da ake so, gwiwar hannu ta zo daidai da saman teburin, tsintsiyar hannu a miƙe. In ka daidaita kujera da ƙafarka sai teburin ya yi sama, ɗaga kujerar har hannu ya daidaita, sannan ka sa wa ƙafa matashi. Kowane kafinta zai haɗa maka ɗan akwatin katako da guntayen da suka rage masa. Fuskar kwamfuta ta yi nisan miƙa hannu, bakinta na sama daidai da ido ko ƙasa kaɗan. Laftof kuwa, yadda aka ƙera ta, in hannu ya ji daɗi wuya zai sha wuya. Mai wuni a kanta ya ɗora ta bisa littattafai, ya sayi allon bugu da linzami na daban. Kuɗinsu bai kai na kujera ba ko kusa, kuma amfaninsu ga wuya ya fi na matashin kai.

Wanda bai da halin saye yanzu, kada ya ce nasihar ba tasa ba ce. Kujerar katako mai miƙaƙƙiyar majingina, da tawul da aka naɗe aka sa daidai tsatso, da matashin ƙafa, ta fi kujerar oga da ba ta dace da jiki ba. Farar kujerar roba ce dai ba na so a wuni a kai: mazauninta ya zurma baya, hannuwanta ba sa shiga ƙarƙashin teburi, in rana ta gasa ta kuma ƙafarta kan karye ba sallama.

Saura abin da babu kujerar da za ta yi maka. A 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya fitar da binciken da ya yi kan ma'aikatan motocin bas masu bene na birnin Landan, kimanin mutum 31,000. Direbobi suna wuni a zaune, kwandastoci suna hawa da sauka a matakala suna karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Guringuntsin baya ba shi da wadatattun hanyoyin jini, da motsi yake samun abincinsa, tsokar ƙafa kuma da motsi take tura jini ya koma sama. Mu Musulmi an yi mana gata da Azahar da La'asar suna tashinmu daga kujera, a je alwala, a yi ruku'u da sujada. Amma daga ƙarfe takwas na safe zuwa Azahar tazara ce mai tsawo. Tashi duk bayan rabin awa, ko da na minti biyu ne. Ajiye ruwan sha inda sai ka taka, amsa waya a tsaye, in abokin aiki yana ɗaki na gaba je ka same shi. A zaunen ma ka riƙa sauya zama, ka jingina, ka miƙe, ka motsa ƙafa.

In kuwa ciwon ya riga ya zo, kada ka mayar da kemis asibiti. Ƙwayoyin kashe zafi irin su diclofenac, in aka daɗe ana sha, suna cin ciki suna taɓa ƙoda, tramadol kuma kun ga abin da ya yi wa samari a unguwanninmu, wasunsu da ciwon jiki suka fara. Yawancin ciwon baya yana lafawa cikin 'yan makonni in ana motsi, kwanciya ta dindindin ƙara shi take yi. Amma in ciwo yana sauka ta cinya har ƙafa, ko ƙafa ta rasa ƙarfi, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari da bayan gida suka ƙi riƙuwa, a tafi asibiti a ranar. Na kusa da Kano suna da Asibitin Ƙashi na Dala, manyan asibitocin koyarwa kuma suna da sashen gashi.

Shi ɗan yayata, mai shagon da ya sayar masa bai yarda a mayar masa da kujerar ba, sai muka yi da abin da ke hannu. Kafintan bakin layi ya haɗa masa akwatin ƙafa mai tsawon inci 4. Muka ɗaure matashi mai tauri a majinginar don zurfin ya ragu, muka sa sukudireba muka kwance hannuwan nan masu ƙyalli, kujerar ta shige ƙarƙashin teburi. Laftof ɗin ta hau kan bandir biyu na farar takarda. Shekaranjiya da na biya ta wurinsa na tarar da bayansa a jingine, ƙafarsa a kan akwatin. Ya nuna mini wata 'yar takarda da ya manna a bango kusa da kalanda, ya rubuta inci 16 da inci 17 a jiki. Ya ce, "Kawu, na shiga adashi, in na kwasa ta raga zan saya. Ranar tare za mu je, kuma ni zan riƙe tef ɗin."